Minti Goma Sha Takwas

Agogon ya ɗau ƙara tun Lamar bai shawo kwanar coci ba.

Mis Odessa Pruitt ta ɗauke shi daga kan katakon baranda ta jijjiga, sai ka ce laifinsa ne. Agogon girki ne mai siffar kaza, da shi take dafa ƙwai tun 'ya'yanta biyar suna firamare. Murɗa shi ake yi zuwa mintin da ake so, in lokaci ya cika ya fasa ƙara. Bai san daƙiƙa ba, bai san alfarma ba.

Can sai ga Lamar, maƙwabcin nata, tafe, yana jan ƙafar hagu. Baƙar ledar shara ya huda ya sa a ƙarƙashin riga don gumi ya fita, duk taku ɗaya sai ta yi ƙaras-ƙaras. Da ya iso akwatin wasiƙunta, inda zagaye na huɗu yake ƙarewa, ya dafa shi ya sunkuya, gumi na zuba daga haɓarsa kamar an bar famfo a buɗe.

"Yaya?" ya ce, da ƙyar.

"Kaza ta yi kuka tun kana bayan gidan Fasto."

"Kazar nan taki maƙaryaciya ce, Mis Odessa."

"Shekara talatin ba ta taɓa ɓata mini ƙwai ba. Kai ne dai kake tafiya kamar mai rakiyar gawa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Gobe ki ƙara mini minti ɗaya mana. Ɗaya tak. In ji yadda mutum ke ji in ya riga ta."

"Can barikin za su ƙara maka? To ni ma ba ni da shi. Zo ka sha ruwa."

Bai sha ba. Kurkure baki ya yi ya tofar a gindin furanninta, sannan ya ciro ƙwaya biyu daga aljihu ya haɗiye su haka nan a bushe. Manyan ƙwayoyin kashe ciwon nan ne da sojoji ke ce wa alewa, don yadda suke watsa su a baki.

Sajan Lamar Tillery shekararsa talatin da takwas, sha bakwai da wata biyar daga ciki a kaki ya yi su. Gwiwarsa ta hagu ta lalace ne shekara tara da suka wuce, wajen dirowa daga jirgi da laima. A kan kututture ya sauka, ya tashi ya ɗau kayansa ya ci gaba da tafiya, kuma tun daga ranar ba ta sake zama daidai ba. Da ƙuruciya ya yi ta danne ta. Da shekaru suka taru, gudu ya ragu, ƙugu ya ƙaru. A watan Afrilu ya faɗi gwajin ƙarfin jiki: mil biyu ake so ya yi cikin minti goma sha takwas da 'yan daƙiƙu, ya yi cikin ashirin. In ya sake faɗuwa a ƙarshen Agusta, sallama ce.

A garin nan kuwa, da ke jingine da bariki a kudancin jihar Jojiya, kowa ya san ashirin. Ka cika shekara ashirin, ka fita da fansho da katin asibiti, kanka a ɗage. Ba ka cika ba, ka fita da jakarka. Marigayi Clarence, mijin Odessa, ya cika, shi ya sa har yau take da wurin zama. Ƙanensa Wendell kuwa a sha shida aka sallame shi saboda tumbi. A wankin mota ya ƙare, har coci ya daina zuwa don kar ya gamu da waɗanda a da suke sara masa. Odessa ta ga wannan da idonta. Shi ya sa ran da Lamar ya ce yana neman mai riƙe masa lokaci, ba ta tsaya dogon bincike ba, ta shiga kicin ta ɗauko kaza.

Sai kuma maganar takarda. Tun watan Yuli ya shigo da ita, ninki huɗu, ya same ta tana yanka ganye.

"Ajiye mini wannan, Mama. Kar Renita ta gani."

Renita ce matarsa. A gidan kula da tsofaffi take aiki, kuma ba abin da ke kwana a aljihun wandonsa ba ta sani ba.

"Ta mece ce?"

"Ta likita. Wai kar in yi gudu."

"To ka kai wa kyaftin ɗinku mana, ka huta."

"In na kai, likitoci su zauna a kaina, su ce ƙafar nan ba ta aikin soja ba ce. Ita ma sallama ce, sai dai da ɗan ladabi. Hanya ɗaya ta rage mini, in yi gudun nan in ci." Ya shafa gwiwar. "Kuma kin san halinmu. Shekara nawa ina yi wa kurata tsiya in sun kawo irin wannan takarda? Ni ne mai ce musu 'yan layin asibiti. Yau kuma ni in shiga layin?"

Ta goge hannu ta karɓa. Shafi biyu ne, rubutu ƙanana-ƙanana, cunkus. Odessa a aji takwas ta bar makaranta ta shiga kamfanin figar kaji. Littafi Mai Tsarki take karantawa, shi ma don rabinsa yana kanta. Ta riƙe takardar nesa da fuska ta duba, ta ce a ranta, ai ya gaya mini abin da ke ciki. Ta sa ta a tsakiyar Zabura ta rufe.

Saura mako ɗaya gwaji, tana kwashe shanya da yamma, Renita ta zo ta tsaya a bakin shinge, ko shuɗin kayan aikinta ba ta cire ba.

"Mis Odessa, me kuke ƙullawa ne ke da mijina?"

"Gudu. Ko tsoro kike kar mai jika tara ta ƙwace miki shi?"

Renita ba ta yi dariya ba. "Ba ya cin abinci. Kwalbar ƙwayar nan ta wata guda ce, kwana goma ta yi masa. Jiya na ga idon sawunsa a kumbure, duka biyun fa, ba mai ciwon kaɗai ba. Na ce mu je a duba, ya ce likita ya gan shi, ya ce lafiya lau. Ke ya gaya miki wani abu?"

Littafin yana nan kan teburin kicin, bai fi taku goma daga inda take tsaye ba. Odessa ta kama bakin zanen gado ta ninke, ta sake ninkewa.

"'Yar nan, kin taɓa ganin namijin da aka cire wa kaki bai shirya ba? Ni na gani. Zama yake a ɗaki kamar kujera. Mako ɗaya ya rage. Ki bar shi ya gama, sannan ki kai shi duk asibitin da kika ga dama."

Ba ƙarya ta yi ba. Haka ta gaya wa Ubangiji a addu'arta ta ranar, ta kuma maimaita masa, kamar bai ji na farko ba.

Ran Alhamis Lamar ya zo aron ledar nannaɗe abinci. Kafin gudu akwai awon ƙugu da tef, shi ma in ya zarce ƙa'ida matsala ce. Dabarar tsofaffin soja ce: a shafa mai a ciki, a naɗe da leda, a kwana a haka, a ƙi shan ruwa, da safe ƙugu ya ragu da faɗin yatsa. Clarence ma ya sha yi, ita ce ma mai naɗe shi, yana juyi a tsakar ɗaki suna dariya. Ta miƙa wa Lamar sabon naɗi, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ga shayi mai ƙanƙara."

"Sai bayan awo, Mama."

"Dubi leɓenka, duk ya tsage."

"Gobe war haka zan shanye miki tulu guda. Ki dai tanadi kaza. Ba wannan ba," ya nuna agogon da baki, "mai cinya."

Ta ɗora hannu a kansa ta yi addu'a, Ubangiji ya ƙarfafa gwiwa, ya gajarta hanya. Abin da ta roƙa ke nan. Daga baya ta yi ta juya addu'ar nan gaba da baya, ba ta ga inda ta ambaci ransa ba.

Juma'a da hantsi ya shigo layin yana danna hon tun daga kwanar coci.

"Sha takwas da huɗu! Mis Odessa! Sha takwas da daƙiƙa huɗu! Ki gaya wa kazar nan!"

"Na gode Yesu!" Ta ɗaga hannu sama da cokali a ciki. "Na gode, Uba!"

Ta soya kaza, ta gasa makaroni da cuku, ta dafa ganye da wuyan talotalo, ga burodin masara. Ya zauna a barandarta da faranti a cinya ya ba ta labarin har sau uku: yadda kuratansa biyu, da suka riga suka gama nasu, suka dawo suka bi shi zagayen ƙarshe suna ihu, "Tsoho, ɗaga ƙafa! Tsoho, kakata ma ta fi ka sauri!", da yadda ya zube a kan ciyawa bayan layi, sama tana juya masa.

"Saura shekara biyu da wata bakwai, Mama."

"Kuma bayan wata shida a sake wani gudun?"

"Wannan sai Fabrairu. Da sanyi na fi gudu."

Cinya ɗaya ya ɗauka, ita ma bai gama ba. Ya yi ta matsa cinyoyinsa yana cewa kamar an daka su a turmi. Can ya shiga banɗakinta, ya daɗe. Da ya fito ya rage murya.

"Kin san abin dariya? Fitsarina ya koma kalar shayinki."

"To ka je a duba mana."

"Yau? Ranar da na ci? Su ce me ya same ka, in ce gudu, su buɗe fayil su ce wa ya ce ka yi gudu? A'a. Ruwa ne babu a jikina. In sha, in kwanta, gobe garau."

Ta cika masa gora, ta rufe farantin ta ba shi. Ya sauka matakala yana riƙe da ƙarfe, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. A bakin ƙofarsa ya juyo, ya ƙame, ya sara mata.

"Tafi can, sakarai," ta ce.

Maganarta ta ƙarshe da shi ke nan.

Renita a wurin aiki ta kwana ranar. Da safiyar Asabar Odessa tana shayar da furanni ta ji ihunta. Ta jefar da butar ta tsallaka, silifa ɗaya a ƙafa. Yana kwance a ƙasan banɗaki, fuska ta kumbura, yana magana amma ba a gane me yake cewa. Motar asibiti ta zo, mutum huɗu suka ɗaga shi.

Ran Lahadi daga coci ta wuce asibitin, da hularta da jakarta, littafin na ciki. Ta sami Renita a kujerun jira. Ba su daɗe da zama ba likita ta fito, wata siririya mai gilashi, ta ja kujera ta zauna a gabansu.

"Ƙodarsa duka biyun sun tsaya," ta ce. "Gudu cikin zafin nan ba ruwa a jiki ya farfasa masa naman jiki, ƙodar kuma dama ta gaji. Na ga a fayil ɗinsa tun Yuli an gwada jininsa, an ce ya bar ƙwayoyin nan gaba ɗaya, kuma kar ya yi aikin wahala cikin zafi. A rubuce aka ba shi."

"Wace takarda?" Renita ta ce. "Ba abin da aka ba shi."

"An ba shi. Ya sa hannu."

Odessa jakarta na kan cinya, hannunta biyu a kai. Ta ji littafin ta cikin fatar jakar, kusurwarsa na tokare mata gwiwa. Ta buɗe baki.

"Mu yi addu'a," ta ce.

Litinin da la'asar zuciyarsa ta tsaya.

Da yake a kaki ya mutu, ba abin da aka rage masa. An rufe akwatin da tuta, sojoji bakwai suka harba bindiga sama sau uku, aka busa begila. Kyaftin ɗinsu, yaro ne bai kai ɗan Odessa na uku ba, ya tsaya a gaban kurata ya yi magana.

"Duk zamana da Sajan Tillery," ya ce, "ko sau ɗaya bai taɓa kawo mini takardar likita yana neman a ɗauke masa wani aiki ba. Irin sojan da nake so ku zama ke nan."

Kuratan suka gyaɗa kai. Ɗaya daga cikin biyun da suka raka shi gudu yana kuka har da majina. Odessa ta kalli takalminta.

Kwana uku mutanen coci suna shige da fice da kwanukan abinci. Ita ma ta kai tukunyar wake a rana ta farko, ta wanke kwanuka, ta share, ta kori yaran da ke tattake ciyawa. Duk aikin da hannu ke iya yi ta yi. A rana ta huɗu, da ƙafa ta ɗauke, ta tsallaka ba kwano a hannunta, sai littafi.

Renita na zaune a teburin kicin. Tutar, da aka ninke mai kusurwa uku, tana kan firji kusa da kwalin hatsin karin kumallo, don ba a san inda za a sa ta ba tukuna. Odessa ba ta zauna ba. Ta buɗe Zabura, ta ciro takardar ta ajiye a gabanta.

"Tun Yuli take wurina."

Renita ta warware ta. Shafin farko ta wuce shi da sauri, maganar gwiwa ce. A na biyu ta tsaya. Ta karanta a fili, a hankali, da irin muryar da take karanta wa tsofaffinta sunan magani: kada ya ƙara shan ƙwayoyin, kada ya bar jikinsa ba ruwa, in ya ga kumburi ko fitsari ya canja kala ya zo nan take. An ja layi a ƙarƙashin nan take.

"Kin karanta?"

"Ban karanta ba."

"Ba ki iya ba ne?"

Ga ƙofa a buɗe, in ta so ta bi. Kowa a layin ya san a aji takwas ta tsaya.

"Da na sa tabarau na zauna, da na harhaɗa," ta ce. "Ko in kai wa Fasto. Ko in miƙo miki ta kan shinge ran da kika tambaye ni. Ban so in sani ba, 'yar nan. So nake ya cika ashirin."

Firji ya kama gurnani, ya yi shiru. Renita ta shafa takardar da tafin hannu, tana gyara inda ta ninku.

"Ni ma na so ya cika," ta ce. "Na ga ƙafafun nan. Aikina ne, na san abin da irin kumburin nan ke nufi. Da kika ce in bar shi mako ɗaya, daɗi na ji, don na sami wanda zai ce mini haka." Ta ɗago kai. "Amma da kin ba ni, Mis Odessa."

"Da na ba ki."

"Da a mota zan jefa shi, ko yana ihu. Da yanzu yana falo yana fushi da mu duka biyu."

 A karon farko a rayuwarta Odessa ta nemi aya ta rasa.

"Tukunyarki tana can a wanke," Renita ta ce. "Ki ja mini ƙofar."

A watan Oktoba Renita ta koma wurin mahaifiyarta a Alabama. Ranar da motar kaya ta zo, Odessa ta soya kaza ta naɗe don hanya, Renita ta karɓa ta ce an gode, ba su rungumi juna ba. Da motar ta tafi, Odessa ta tarar an ajiye mata kayanta a matakala: gorar ruwa, faranti, da ragowar ledar nannaɗe abinci, rabi ya saura. Ta sa gorar da farantin a kicin. Ledar ta rasa inda za ta sa, ta yi ta yawo da ita a hannu, a ƙarshe ta tura ta can bayan kabad.

Kazar kuwa tana nan kan katakon baranda inda aka bar ta. Yanzu da ido take dafa ƙwai, wani lokaci ya yi tauri, wani lokaci ruwa-ruwa. Jikarta ta tambaya ina agogo, ta ce ya tsufa.

Wata safiya a Nuwamba ta fito da kofinta. Sanyi ya fara, irin wanda Lamar ya ce ya fi gudu a ciki. Daga can bariki iska na kawo waƙar sojoji masu gudun safe, ɗaya na bayarwa sauran na amsawa. Ta zauna. Hannunta ya kai kan kazar, ya share mata raɓa, ya murɗa ta zuwa sha takwas.

Layin ba kowa. Motar shara ta wuce. Karen gidan Fasto ya fito ya shinshina akwatin wasiƙu ya koma. Kazar na ta ƙyas-ƙyas-ƙyas, shayin ya huce a kofi ba ta kurɓa ba.

Da ya rage minti ɗaya, ta kalli kwanar coci. Sannan ta sa yatsa biyu, a hankali, ta ƙara masa minti biyar.